Hutun Bana: Yara Na Son Kenya, Hajiya Na Jira a Kano

Wasiƙar wannan makon daga Jidda ta zo, daga wani magidanci da ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Anti, shekarata 11 ina aiki a Jidda, ina zaune da matata da yara uku. Rabonmu da gida shekara uku ke nan. Na daɗe ina tari har na haɗa riyal 30,000, kuma na yi wa yara alkawarin idan aka yi dogon hutu zan kai su Kenya su ga namun daji, don 'yan ajinsu kullum da labarin inda aka kai su suke dawowa. Matata ma ta fi son haka. Ta ce duk zuwanmu Kano a kicin take ƙarewa, kuɗi kuma su ƙare a tsaraba. To sai ƙanwata ta tsegunta wa Hajiyarmu, ita kuma ta kira ni ta ce, 'Ashe namun daji sun fi ni.' Hajiya ta haura saba'in, tana fama da hawan jini, kuma autarmu mai shekara biyu ba ta taɓa ganinta ba sai a waya. Kuɗin ba zai isa tafiya biyu ba. Na yi tunanin in ce mata an fasa, wurin aiki sun hana ni hutu, mu tafi Kenya a ɓoye in hana yara saka hotuna. Laifi ne?"

Ƙanena, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka aikata. Eh, laifi ne, kuma ba zai ɓoyu ba. Kana da yara biyu masu wayo da baki. Ranar da kuka dawo, Hajiya ta kira a bidiyo ta ce a ba ta maigidanta, wa zai riƙe bakin yaron da ya ga zaki da idonsa? Ko ka yi sa'a ya yi shiru wata guda, wata na biyu zai faɗa wa ɗan baffansa, daga nan magana ta isa tsakar gida. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A yanzu abin da ke ran Hajiya shi ne ɗanta ya so ya fifita yawo a kanta, kuma wannan ciwo ne mai warkewa da kira ɗaya. Idan ka bi wancan shiri, za ta gane ɗanta ya zauna ya tsara mata ƙarya, ya sa matarsa da 'ya'yansa a ciki. Daga ranar, ko da gaske aka hana ka hutu ba za ta sake yarda ba, kuma matarka za ta ɗora wa laifin, ko da ita ba ta ce uffan ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne yaran. Za ka zaunar da su ka ce, "Kada ku faɗa wa Hajiya." Da bakinka ka koya musu cewa idan tsoho ya zama cikas ga jin daɗi, sai a lallaɓa shi da ƙarya. Waɗannan yara a ƙasar waje suke tashi, kuma da wuya su zauna kusa da kai idan sun girma. Wata rana kai ne za ka zauna a Kano kana jiran kira daga wata ƙasa.

Yanzu mu koma kan maganar Hajiya, don ina jin ba ka saurare ta da kyau ba. Ba kishi take da giwa ba. Lissafi take yi, irin wanda tsofaffi ke yi da dare su kaɗai. Sa'o'inta na tafiya ɗaya bayan ɗaya, yau a ce wance ta rasu, gobe a ce wance ta kwanta. Shekara uku a wurinka ba komai ba ce, aiki da makarantar yara sun cinye ta. A wurinta damina uku ce da azumi uku da salla shida, kowacce ta wuce ɗakinka na rufe. Ga jikanya da aka haifa can, har ta yi ƙafa ta fara magana, ba ta goya ta ba, ba ta ɗora ta a cinya ta kira ta kishiya ba, ba ta yi mata faɗan ƙwace miji ba. Wannan wasa na kaka da jika ba a yin sa ta waya. Ka san kuma yadda unguwa take. Maƙwabciya za ta leƙo ta ce, "Su na Makka bana ma ba su zo ba?" Ta yi murmushi ta kare ka, ta ce aiki ne. Shekara uku tana kare ka, sai ta ji aikin bai hana zuwa Kenya ba.

Wani zai ce ka nemo mata bizar ziyarar iyali ta zo ta yi umara ta ga jikoki. Abu ne mai kyau, ka yi idan Allah ya hore kuma likita ya yarda. Amma ba ya maye gurbin zuwanku. A Jidda baƙuwa ce a gidan suruka, tana zaune a bene cikin sanyin na'ura, ba ta san kowa ba. A Kano ita ce mai gida, ita za ta sa a dama fura, ita za ta aika a kira dangi su zo su ga 'ya'yan ɗanta. Wannan take so, kuma haƙƙinta ne. Mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi ma, da Manzon Allah (SAW) ya ji iyayensa na raye, wurinsu ya mayar da shi.

Duk da haka ba zan bari ka tafi da tunanin cewa burinka abin kunya ne ba. Akwai masu ganin duk kuɗin da aka kashe a yawon buɗe ido almubazzaranci ne, ni ba na cikinsu. Kalmar safari ɗin nan da ake yayi, ta Sawahili ce, daga safar ta Larabci, tushe ɗaya da safarar da kakanninmu suka yi da jakuna zuwa Gwanja neman goro. Hausawan da ke Shara Mansur a Makka da tsofaffin unguwannin Jidda, da yawansu jikokin waɗanda suka tako da ƙafa ne ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya. Mu ba baƙin tafiya ba ne. Alƙur'ani kuma ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, ya ce a dubi raƙumi yadda aka halicce shi. Yaron da rayuwarsa daga gida sai mota, daga mota sai makaranta, ranar Juma'a a kai shi kanti ko bakin teku, yana da haƙƙin ya ga daji, ya ji ƙamshin ƙasa bayan ruwa. Na san zaman yara a Jidda lokacin zafi, wata biyu ko fiye a kulle a ɗaki da waya a hannu. Niyyarka mai kyau ce, lokacin ne bai yi ba.

Shawarata ita ce bana ku tafi Kano, Kenya kuma a sa mata rana.

Ban da Hajiya, akwai dalilai biyu da ko ita ba ta yi magana ba zan ce ka dakata. Na farko autarku. Masai Mara, inda yawanci ake nufi idan an ce Kenya, tafiyar awa biyar zuwa shida ce a mota daga Nairobi. Kallon namun kuma da asuba ake fita, cikin sanyi, a yini ana jijjiga a mota, ba a sauka, ba a hayaniya. Masu jiran ganin garken nyumbu, dabbobin nan masu kama da ƙananan ɓauna, suna tsallaka kogin Mara, sukan yi awanni a bakin ruwa ba tare da an tsallaka ba. 'Yar shekara biyu ba za ta jure ba, ba kuma za ta tuna komai ba, uwarta ce za ta sha wahala. Wasu masaukan cikin dajin ma ba sa karɓar ƙananan yara.

Na biyu kuɗi. Riyal 30,000 dala 8,000 ce, tunda riyal 3.75 ke dala ɗaya. Dogon hutunku yana faɗowa daidai lokacin cunkoso, don daga Yuli zuwa Oktoba ne dabbobin nan sama da miliyan ɗaya ke hayowa daga Serengeti ta Tanzaniya zuwa Mara, duniya duk ta taru a can. Tun 2024 kuɗin shiga Mara ga baƙo babba dala 200 ne kowace rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni, kuma fasfon Najeriya ba ya sa a yi maka farashin 'yan ƙasa. Kai da matarka kwana uku dala 1,200 ke nan, riyal 4,500, a bakin ƙofa kawai, ba a zo kan na yara da masauki da mota da direba da tikitin jirgin mutum biyar ba. Kuɗin naka zai iya kaiwa, amma da ƙyar, kuma ka dawo hannu wayam alhali kuɗin zaman iyali na jiranka, riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum, wato 1,600 a kan mutum huɗu. Idan ka jira ka tafi a hutun tsakiyar shekara wajajen Janairu, kuɗin ƙofa ya ragu da rabi, zaki da giwa da raƙumin dawa kuma suna nan ba inda suka je. Ƙaurar nyumbu ma duk shekara ake yi, ta baɗi ba ta fi ta bana ƙanƙanta ba.

Saura yara. Alkawari kaya ne, kuma ka ɗauka. Kada ka sauke shi da tsawa, kada kuma ka ce musu "Hajiya ce ta hana," don za su shiga gidanta da ƙullinta a rai. Ka zaunar da manyan biyu ka faɗa musu gaskiya: ka yi alkawari ba ka yi lissafi da kyau ba, kakarsu ta tsufa, kuma kai ma kana kewar mahaifiyarka kamar yadda za su yi kewar tasu in an raba su shekara uku. Ka ba su haƙuri. Uba bai raguwa don ya ba ɗansa haƙuri. Sannan ka faɗi watan da shekarar da za a je Kenya, ka ware wani abu daga kuɗin nan tun yanzu, ko da riyal 5,000 ne, ka nuna musu cewa wannan na safari ne ba mai taɓa shi. A samo asusu su ma su riƙa jefa nasu. Za su yi fushi kwana biyu, ka bar su su yi.

Inda nake so mu daɗe shi ne ƙorafin matarka, domin a nan matsalar take kwance, kuma a layi ɗaya ka wuce shi. Baiwar Allah nan ba Kenya ce ta dame ta ba, hutu take nema. Shekara uku tana fama da yara uku a ƙasar da ba uwa ba ƙanwa, ba mai karɓar mata goyo. Sai a ce an tafi hutu gida, ta sauka daga jirgi ta ɗaura zani ta shiga kicin, baƙi na shigowa rukuni-rukuni ana sauke tukunya ana ɗorawa, kai kana zaure ana hira da abokai. Iyayenta kuma ta gan su a tsaitsaye, kwana biyu ko uku a ƙarshen tafiya. Wace mace ce za ta yi ɗokin irin wannan? Idan ka ce mata "Kano za mu" ba tare da ka canza yadda ake zuwa Kanon ba, ka warware rigimarka da Hajiya ne da guminta.

Idan ka haura shekara biyar a wurin aiki ɗaya, dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ka hutun kwana 30. Ku zauna kai da ita da kalanda tun kafin a sayi tikiti, ku raba kwanakin. Na Hajiya daban, kuma su zama na farko, masu yawa. Na iyayen matarka daban, mako guda cur ko fiye, kai da kanka ka kai su ka gaida surukanka ka kwana biyu a garin. Sai kwana huɗu ko biyar na ku kaɗai, kai da ita da yara. Ka sanar da Hajiya wannan tsari da bakinka tun kana Jidda, a matsayin shawararka, kada ya fito daga bakin matarka. A kwanakin gidanku kuma ka ɗauki mai girki ka biya ta, kuɗin bai kai na turare kwalba biyu ba. Matarka ta dafa wa Hajiya abin da take so da hannunta don neman albarka, amma ciyar da unguwa ba aikinta ba ne.

Tsaraba kuwa, ka yanke mata iyaka kafin ka shiga kasuwar Balad, don in ka shiga da lissafin dangi a kai ba za ka fito da komai ba. Mun ɗora wa kanmu wani nauyi mu mazauna Saudiyya, wai kowa sai an ba shi jallabiya ko abaya, har wanda rabonka da shi tun kuna makarantar allo. Wannan ne ya sa mutane ke shekara biyar ba su je gida ba, suna jiran ranar da za su iya cika akwati goma. Hajiya da iyayen matarka a yi musu ta girma. 'Yan ɗakinku a ba su daidai hali. Sauran jama'a dabino katan biyu da carbi da ɗan turare sun wadatar, a ajiye a ɗakin Hajiya ita ta raba, ta fi ka sanin wanda ya kamata, kuma rabon ma wani farin ciki ne a gare ta. Masu cewa "ya zo daga Makka bai kawo komai ba" za su faɗa ko me ka kawo.

A kwanakin nan naku ne za ka biya yara wani ɓangare na bashinsu, don Najeriya ma tana da daji. Yankari na jihar Bauchi, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200, an buɗe ta ga masu ziyara tun 1962, kuma tana cikin wurare ƙalilan da giwaye suka rage a ƙasar. Akwai ɓauna da gwanki da dorina da kada. A sansanin Wikki birai da mugun dawa suna yawo a tsakanin ɗakuna, sai an kula da abinci a hannun yaro don bika ba ya jin kunyar fizgewa. Ga ruwan Wikki mai ɗumi, garau kamar gilashi, zafinsa wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Yaran da suka saba da ruwan gishirin Bahar Maliya za su ƙi fitowa. Amma kada ka sake yin alkawarin da ba ka da iko a kansa. Lokacin ganin namun Yankari rani ne, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a kogin Gaji. Ku da damina za ku je, daji ya rufe, kuna iya yini ba ku ga giwa ba, zaki kuwa kada ma ka ambata. Ka ce musu za a je wanka a Wikki a ga birai, abin da Allah ya ƙara riba ne. Sannan a 'yan shekarun nan an sha jin labarin 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri, ƙaramar hukumar da dajin yake. Ka tambayi mutanen Bauchi a makon da za ku tafi, ba wata guda kafin nan ba, ku yi tafiyar rana, in an ce a dakata ka dakata. Akwai kuma gandun Sumu a Ganjuwa, ta hanyar Ningi, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006.

Kanon kanta kada ka raina. Ka hau Dala da su da sassafe ka nuna musu gari, ka ba su labarin Barbushe. Ka kai su Gidan Makama, ka kai su marinar Ƙofar Mata su tsoma ƙyalle a baba da hannunsu su zo da shi Jidda. Idan akwai gona a gidanku, a kai su su ga gero ya yi kai, su ci gasasshiyar masara a bakin kunya. Ɗan ajinsu da aka kai Landan bai taɓa ganin wannan ba. Kuma ka ja kunnen 'yan uwa tun da wuri kada a yi wa yaran dariya in Hausarsu ta karkace ko Larabci ya kutso. Dariya ɗaya kan sa yaro ya rufe baki har a koma.

Akwai abin da ba na so ka ɗauka da wasa, don ni ya taɓa ni. Wata shekara na kai yarana gida da damina, na ce ai gida ne, a nan muka tashi, sauro bai kashe mu ba. Kwana goma da dawowarmu ɗana na biyu ya kama zazzaɓi, muka ɗauka mura ce ta canjin iska, muka yi ta ba shi maganin rage zafi. Sai da ya fara fita hayyacinsa muka garzaya asibiti, kuma sai da na ambaci cewa daga Najeriya muke aka yi gwajin maleriya. Ya yi kwanaki a kwance, Allah ya tashe shi. Yaran da aka haifa a Jidda jikinsu bai san cizon sauronmu ba sam, kai da matarka ma ɗan sabon da jikinku ya yi yana raguwa bayan shekaru a waje, kuma damina ce ganiyar cutar a Kano. Ku ga likita makonni kafin tafiya ya rubuta maganin kariya daidai nauyin kowane yaro, a sha yadda ya ce har bayan an dawo. Gidan sauro mai magani kowane dare, ko ana zafi. Duk zazzaɓin da ya zo a can ko bayan dawowa, a je asibiti ranar, a faɗa wa likita inda aka je. Ruwan sha kuma na roba ko dafaffe, musamman ga auta. Wannan gargaɗi yana nan ko Kenya kuka tafi.

Takardu ba sai na koya maka ba, tuni kawai. Allurar cutar shawara a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tashi, katinta tun 2016 na har abada ne, ka nemo na manyan ka yi wa auta in ba a yi mata ba. Ka duba fasfon yara yau, don na yara shekara biyar ne kuma sabuntawa a ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda na buƙatar lambar NIN da lokaci. Iƙamar kowa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ta wuce ranar dawowa, ka biya tarar hanya in akwai, sannan ka fitar wa iyali bizar fita da dawowa ta manhajar gwamnati ta Absher, riyal 200 ta wata biyu. Ka bar tazarar kwanaki tsakanin ranar tikitin dawowa da ranar ƙarewar bizar, don jirgi kan ɗaga. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tikitin dogon hutu kullum ƙara tsada yake.

Kafin ranar Kenya ta zo, kada ka bar yaran a kulle. Shekara 11 a Jidda, ina fata ka taɓa hawa da su Ɗa'if ta hanyar Hada, tafiyar awa biyu da 'yan kai, inda birai ke zaune a gefen titi kuma iska ke da sanyi lokacin da Jidda ke tafasa. Idan an sami hutun kwana uku ko huɗu, ga Abha da dutsen Sauda mai tsayin kusan mita 3,000, hazo na ratsa mutum a tsakiyar bazara. Da sanyi kuma ga tsibiran Farasan, ana shiga jirgin ruwa kyauta daga Jizan in an yi rajista da wuri, akwai barewa a can. Irin waɗannan ƙananan fita, sau uku ko huɗu a shekara, su ne za su cire wa yaranka jin cewa kowa na zuwa wani wuri ban da su.

Ƙanwarka kuma ka ƙyale ta. Wataƙila da gangan ta faɗa, wataƙila subutar baki ce, amma ita ke zaune da Hajiya, ita ke kai ta asibiti, ita ke ganin fuskarta in an kashe waya. Ka saya mata tsarabarta mai kyau.

Ka fara da matarka a daren nan, bayan yara sun yi barci, ku fito da kalandar. In kun daidaita, gobe ka kira Hajiya bayan ta idar da sallar isha'i, ka tuna Kano na bayanku da awa biyu. Kada ka yi musun maganar Kenya, kada ka ce ƙanwarka ba ta fahimta ba. Ka ce, "Hajiya, gaskiya ne na yi niyya, kuma na yi kuskure da ban fara da ke ba. Ki yafe mini. Muna nan tafe in sha Allahu." Ka faɗa mata watan, in ka riga ka kama tikiti ka faɗa mata ranar. Za ta iya cewa ku yi tafiyarku ita ba ta hana ba, kada ka karɓi wannan. Ka tambaye ta me take so a kawo mata, sannan ka miƙa wa auta wayar ta gaida kishiyarta.